Jinjina ga Malaman Ɗinkin Ulu, da Aikin da Ya Rage Musu

Daga Ungogo ka miƙa Minjibir, ka ratsa Ɗambatta da Makoɗa, ka juyo ta Bichi da Dawakin Tofa, da wuya ka ga fili wanda ba shi da mai shi. Gona tana manne da gona, rabon gado kuma kullum ƙara yanka ta yake yi. Tun shekarun 1960, lokacin da Michael Mortimore ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano, ya ga abin da manoman suka daɗe da sani: gero da dawar gida ba sa kai iyali wata kaka sai an haɗa da taki da sana'ar rani. Maza suna da fatauci da cin rani. Matar da ke cikin gida kuwa, jarinta yana yatsunta.

Don haka nake jinjina wa matan da ke koyar da ɗinkin ulu a wannan yanki, na cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi, da na azuzuwan yaƙi da jahilci, da waɗanda suka shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu ba tare da kowa ya ɗauke su aiki ba. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, Maryam Babangida ta zo da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Gwamnatoci sun zo sun wuce, rufin wasu cibiyoyin ya yaye, kekunan ɗinki sun yi tsatsa. Malaman ne ba su tashi ba.

Sai ka zauna a ajin za ka san nauyin abin da suke yi. Wannan aiki ba ya shiga ta kunne. Malama za ta kama hannun ɗaliba, ta nuna mata yadda ake ɗame yadi don kada ya tattare, yadda ake zura ulu mai kauri a kafar allura ba tare da ya tsefe ba, yadda ake jan sarƙa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. In aka ja da yawa zanen gado ya yamutse, in aka sassauta fure ya kwanta, wanki ɗaya ya tona asiri. Malama ta ƙwarai ba ta fara duba fuskar aiki. Juya shi take yi ta ga bayansa, inda ƙulli da tsallake suke ɓuya. Sai ka ji ta ce, "'Yar nan, warware ki sake." Faɗin wannan ga matar aure mai 'ya'ya huɗu, a kuma faɗe shi yadda gobe za ta dawo aji da fara'arta, baiwa ce da ba kowa Allah ya ba.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. Ana yaye ɗalibai da hannu mai kyau, ba a yaye su da lissafi ba. Tambayi wadda ta gama zanen gado da rigunan matashi nawa za ta sayar. Za ta ƙirga kuɗin yadi da na ulu, ta ɗora ɗan abin da kunya ta bar ta ta ɗora. Makonnin da ta yi a sunkuye ba sa cikin ƙirga, haka kuɗin motar wanda ya shiga birni ya sayo mata zare. Dillaliya ta karɓa, ta kai gidan da ake haɗa kayan ɗakin amarya, ita ce ke cin ribar. Ga kuma zanen gado na inji daga Sin ya cika Kantin Kwari, mai sheƙi, mai araha. Wadda ba ta san darajar lokacinta ba za ta yi ta rage farashi don ta kamo inji, ba kuwa za ta kamo shi ba. Yawancin ɗaliban karatu suka zo nema a ajin nan. Me zai hana darasin lissafin ya zama lissafin ƙullin ulu da kwanakin aiki? A kuma haɗa su adashi su sayi zare a sari, maimakon kowace ta sayi ƙulli ɗaya da tsada.

Sai batun zane. Yawancin abin da ake kwafa furanni ne da ba sa tsirowa a ƙasarmu, ana ta maimaita su daga tsohon kwali zuwa sabo. Alhali ƙasar Kanon nan ce matafiyi Heinrich Barth ya iske a 1851 tana tufatar da mutane har Tumbuktu, kuma masaƙan Minjibir ba a yau suka yi suna ba. Muna da dagi, muna da tambari, muna da aska takwas da aska biyu na babbar riga. Tsofaffin masu zana riga suna nan a garuruwanmu, ido ya fara rauni amma zanen yana kai. A gayyato su aji kafin su tafi da shi. Matan Zariya sun nuna hanya: ƙungiyar Queen Amina Embroidery, wadda ta fara aiki a shekarun 1990, ta ɗora zanen babbar riga a kan rigunan matashi da jakunkuna, ta samu masu saye har ƙasashen waje. Inji ba ya gasa da abin da mai saye ya san hannu ne ya yi shi, kuma na wani gari ne takamaimai.

Ba malamai kaɗai ke da bashi ba. Shugabannin ƙananan hukumomi sun iya zuwa bikin yaye ɗalibai, a raba takardar shaida a ɗauki hoto. Takarda ba ta ɗinki. A ba kowace ɗaliba yadi da zare na aikinta na farko, a biya malamai alawus ɗinsu a kan kari, a sa fitila mai aiki da hasken rana a kowane aji, a kuma kawo mai duba ido ko sau ɗaya a shekara, domin yawancin matan nan sai bayan sallar isha'i suke samun sukunin ɗaukar allura. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, wadda aikinta horar da malaman sana'a ne, tana tsakiyar wannan yanki. Ta turo ɗalibanta su yi aikin koyarwa a waɗannan azuzuwa, su koyar da lissafi da zane, su kuma zauna a tabarma a koya musu riƙon allura.