Magani guda ba ya tsare gona

Ƴan uwa manoma, ba daga rake kaɗai sukari yake fitowa ba. A Faransa, daga wata farar saiwa mai suna betarab ake yin shi. Shekara da shekaru manomanta suna dogara ga maganin ƙwari iri guda, wanda ake shafa wa iri kafin shuka. A 2018 gwamnati ta hana shi, don yana cutar da ƙudan zuma. A 2020 darɓa ta sauka, ta kawo cuta mai maida ganye rawaya, amfanin gona ya ragu da wajen kashi 30 cikin 100. Dattawanmu sun san irin wannan: darɓa ce ta kai cuta ga gujiyarmu a 1975.

Wasu manoman can suna neman a maido da maganin. Ni ban goyi bayansu ba. Magani mai kashe kowane ƙwaro har masu cin darɓa yake kashewa. Jan gizo-gizo kuwa, da ke cin betarab can da tumatir nan, yawancin maganin ƙwari ba ya kama shi, sai ma ya samu fili. Kafin ka sayi magani, juya ganye ka duba, ka nuna wa malamin gona.