Albarkacin Legas Ogun ke tasowa, Katsina kuwa iyaka take kallo

Masana tattalin arziki sun daɗe da wani hasashe: yankin da aka bari a baya zai cim ma wanda ya yi gaba, domin fili da ƙwadago sun fi araha a wurinsa, saboda haka jari zai gangara can da kansa. Alƙaluman Nijeriya ba su gaskata wannan fata ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci ta fuskoki daban-daban ya nuna kashi 91 cikin ɗari na mutanen Sakkwato na fama da shi, a Ondo kuwa kashi 27.

Jari yana gangarawa, sai dai ba ya yin nisa. Da Legas ta cika ta batse, masana'antu ba su nufi Gusau ko Damaturu ba. Agbara da Ota da Shagamu suka tsallaka, cikin Jihar Ogun, inda tashar jiragen ruwa ta Apapa da masu sayen kaya ke kusa. Ba sai Ogun ta fi kowa iya mulki ba. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano kuwa, sai kayan aikinsa sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan tirela, kuma kuɗin wannan tafiya a kan farashin kayansa yake ƙarewa.

To amma nisa da teku ba ƙaddara ba ce. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta share fagen dalar gyaɗa. Ko taku ɗaya birnin bai matsa ba, kuɗin dako ne ya faɗi.

Akwai kuma abin da masu tsara manufofi a Abuja kan manta: babban maƙwabcin Katsina ba Legas ba ce, Maraɗi ce. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da cinikin Nijar suke rayuwa. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka yi haka, jihohin da suke tsakiyar hanyar fatauci sai su koma ƙarshenta.

Shi ya sa masu sukar layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da cewa ana yi wa baƙi aiki, ba su dubi taswira da kyau ba. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta haɗi. Sabon layin da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya, na Kaduna kuma daga Abuja ya fara. Muddin ba a cike wannan giɓi ba, kwantenar da aka sauke a Apapa tirela za ta ci gaba da hawa kafin ta ga Kano, balle Maraɗi.