Tsohuwar Mota Ba Abin Kunya Ba Ce

Mutane da yawa suna ɗaukar tsohuwar mota alamar talauci. A ganina, ma'aikacin da ke fita aiki kullum, tambaya ɗaya ya kamata ya yi kafin ya sayi mota: idan ta lalace a hanya, wa zai gyara ta?

Mu dubi Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975. Motar tana da tsayi daga ƙasa, saboda haka ramuka ba su cika damun ta ba. Injinta ba shi da wuyar sha'ani. Bakaniken bakin titi yakan saurari kukansa kawai ya gane matsalar, alhali sabuwar mota sai an jona mata kwamfuta, kuɗin gyara kuwa sai wanda ya biya. Ga kuma kwarjini: duk inda ta tsaya, sai dattawa sun waiwaya.

Gaskiya ne tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Kayan kariyarta ma ba su kai na motocin yau ba. Amma ga mai gajeriyar tafiya a cikin gari, sauƙin gyara yakan rage wannan asara. Sai dai mai saye ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, a duba birki, a leƙa ƙarƙashinta ko tsatsa ta ci.