Kafin a Cika Mu da Manhaja, a Tayar da Injinan Chikaji

Tun da ma'aikatar sadarwa ta Minista Bosun Tijani ta fito da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, da alkawarin horar da matasa miliyan 3 a sana'o'in kwamfuta, duk wanda aka miƙa wa lasifika a taron yaye ɗalibai magana ɗaya yake maimaitawa: jami'a ta koya wa yara rubuta manhaja, in ba haka ba zamani ya bar ta a tasha. Dama hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta riga ta share fage tun Disamban 2022, da ta fasa kwas ɗin kimiyyar kwamfuta gida-gida, ga tsaron intanet, ga sarrafa bayanai, ga injiniyancin manhaja. Yanzu an wayi gari ana auna ci gaban jami'a da yawan sababbin sunayen da ta liƙa a ƙofar sashe. Wannan tunani kuskure ne, kuma babu garin da ya fi Zariya tona asirinsa.

A duba abin da ke jibge a wannan gari. Cibiyar binciken noma ta IAR tana Samaru tun 1922, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan irin masara na SAMMAZ da dawa ta SAMSORG suka fito, daga nan aka saki waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke cinye fure da kwanso, har manomi ya rage yawan feshi. Ga cibiyar dabbobi ta NAPRI a Shika, ga NILEST ta kimiyyar fata, ga NARICT ta kimiyyar sinadarai da NITT ta sufuri a Basawa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964. Na'urar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya ma a Zariya aka kunna ta a 2004. Idan duk wannan ba fasaha ba ce, to a gaya mana mece ce fasaha. Amma ka taso daga Samaru, ka ratsa Kwangila, ka shiga Chikaji, unguwar da aka keɓe wa masana'antu. Abin da za ka tarar a ƙofofi da dama shi ne tsatsa da kwaɗo, ciyawa ta rufe inda manyan motoci ke lodi a da, maigadi na zaune a benci ba wanda zai buɗe wa. Tafiyar mintuna ce tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta, amma ilimin Samaru ya kasa isowa nan. Giɓin ke nan da ya kamata ya hana ministoci barci, kuma shi ne ba a taɓa haɗa wa taro a otal ba.

Dalili na farko kowa ya san shi, wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni, shugabannin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi ta kokawa cewa takardar wutar wata guda ta koma ɗaruruwan miliyoyi. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta shafe kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. Malamin da ya ajiye samfurin gwaji a firiji ya san abin da wannan ke nufi, aikin wata shida ya ruɓe a dare biyu. Mai walda a Sabon Gari ma ya sani, ga ƙofar ƙarfe ya yanka ya jera, ga yaransa sun zauna a kan tayoyi suna jiran a kawo wuta, domin kuɗin man janareta zai cinye ribar. Sai a ɗora da yajin aiki, wata 8 cur a 2022 jami'o'in tarayya na rufe. Wace ƙirƙirarriyar basira za a koyar a ajin da ba a shiga, da kwamfutar da ba caji?

Masu waƙar manhaja za su ce ai mai rubuta manhaja ba ya buƙatar masana'anta, daga ɗakinsa a Hayin Dogo zai yi wa kamfanin Amurka aiki a biya shi da dala. Allah Ya ƙara masa buɗi, amma mutum nawa ne haka? Kuma ribar abin da ya ƙera tana can inda kamfanin yake. Ƙasa ba ta ginuwa da ƙwadago, ko da na kwamfuta ne. Sai su kawo misalin Indiya, kamar Bangalore daga sama ta faɗo. Garin yana da babbar cibiyar kimiyya tun 1909, yana da kamfanin jiragen sama tun 1940 da na kayan lantarki tun 1954. Masu manhaja a kan wannan harsashi suka hau. Mu kuwa so ake mu fara gini daga jinka. Ba wanda ya ce a rufe cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar da ke Jami'ar Ahmadu Bello. A sa ta yi wa noma da jima da sufuri hidima: na'urar da za ta auna danshin masara kafin a ɗura a buhu, tsarin da zai daidaita injin ban ruwa mai sola, dabarar da za ta sa fatarmu ta zama takalmi a nan maimakon a kai ta Italiya da rabin jima, ko a babbake ta a ci ganda.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin da ake kira IT, watannin da ɗalibi zai je koyon aiki a masana'anta. Tunda masana'antun sun yi shiru, sai ka ga mai karatun injiniya yana yawo ofis-ofis da littafinsa, neman wanda zai buga masa hatimi kawai. Ya gama, bai taɓa kwance famfo ba, ya kafa lema a bakin titi yana POS. Kuɗin asusun manyan makarantu na TETFund harajin kamfanoni ne, an kai shi kashi 3 cikin 100 a 2023, amma ya fi tafiya a manyan ɗakunan lacca da ake yanka wa kintinkiri, maimakon a sayi injin da ɗalibi zai ɓata hannu da shi, a biya mai gyaransa.

Wannan kuwa ya dawo da mu kan tsohon miki, rainin da ake yi wa mai aikin hannu. Waɗanda ke rera waƙar fasaha su ne dai suka bar ɗan kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli mai takardar HND a bayan mai digiri wajen ɗauka da ƙarin girma, ko da shi ne ke tayar da injin in ya tsaya. Maganin da suka gano shi ne a riƙa mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i, kamar yadda aka sanar game da ta Yaba a 2025, wato a kashe bambancin ta hanyar kashe makarantar. Majalisa ta zartar da ƙudirin soke wariyar da ke tsakanin HND da digiri a 2021, Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba.