Kilomita 484 a takarda, nawa ne a hanyar Damagaram?

Tun lokacin da man fetur ya yi wuya a watan Maris na 2025, muka yi ta kwana a layi, hirar motar lantarki ta shiga fadar matasa. Ni ma ina cikin masu sha'awarta. Amma duk wanda ya turo mini hoton irin ƙananan jif ɗin nan, lamba guda yake nuna mini: dubi nisan da take ci da caji ɗaya! To bari mu duba lambar nan tare.

Mu ɗauki Hyundai Kona ta lantarki, wadda aka fara haɗa irinta a Legas a 2020. Mai babban batir, kWh 64, an rubuta mata kilomita 484 a ma'aunin Turai da ake kira WLTP. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai a ɗakin gwaji ake auna shi, a zafi digiri 23, na'urar sanyi a kashe. Wa zai kashe na'urar sanyi a Afrilu tsakanin Konni da Madawa? Ka ƙara da gudu, da kaya, da mutum biyar a ciki, lambar sai ta yi ta zubewa. Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, ko sabuwa dal ba ta kai ka sai an tsaya. Idan kuma a soket ɗin gida za ka cika ta daga ƙasa, kusan awa 30 ne, in ba a ɗauke wuta ba.

Duk wannan da sauƙi, lissafi ne da mutum zai iya yi kafin ya tashi. Abin da ya fi damuna shi ne tsufan batir, domin mu dai mun san kanmu: ta hannu muke saye. A Turai garantin batirin Kona shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma sai ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ake ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaza. Kashi 70 na 484 bai kai 340 ba. Wato Maraɗi zuwa Damagaram za ka je, dawowa kuwa sai ka nemi wuta. Kuma motar da za ta iso mana galibi ta cinye garantin nata ko tana dab da cinyewa.

Motar fetur bakanike zai saurari inji, ya duba hayaƙi, ya ce maka saya ko bari. Batir ba ya tari, ba ya hayaƙi. Fenti na ƙyalli, kujeru tsaf, alhali abin da ya fi komai tsada a jikinta ya gaji.

Zafi kuma shi ne babban makashinsa. A 2012 masu Nissan Leaf a Arizona ta Amurka, garin rana irin namu, sun koka cewa batirinsu na raguwa da wuri. Wannan motar ba ta da ruwan sanyaya batir. Kona tana da shi, wannan maki ne a gare ta. Amma ita ma tana da nata tarihin: a 2021 kamfanin ya kira motoci kusan 82,000, akasarinsu Kona, don a canja musu batir saboda haɗarin gobara. Duk wanda aka kawo wa Kona ta 2018 ko 2019, ya tambaya ko an canja nata.

Ban ce kada a saya ba. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, mai sola a gida da rumfar ajiye mota, wanda zai tsayar da caji wajen kashi 80 maimakon ya cika ya bar ta a rana, wallahi tana iya yi masa shekaru.

Abin da nake nema ƙarami ne. Ana iya jona na'ura a karanta lafiyar batir, kashi nawa ya rage. Tarayyar Turai ma ta tilasta wa batiran motoci takardar shaida ta zamani daga Fabrairun 2027. Mu a nan, duwan su nemi wannan adadin a rubuce kafin motar lantarki ta hannu ta shigo, dillali kuma ya manna shi a gilashi kusa da farashi. A yi shi yanzu da motocin ba su yi yawa ba, tun kafin tsofaffin na Turai su fara sauka a Lome jirgi-jirgi.