Motar Kashe Gobara Ba Ta Mutuwa, Kashe Ta Ake Yi

A bayan wani ofishin gwamnati, cikin wani gari na kudancin ƙasar nan da ba sai na ambaci sunansa ba, akwai wata jar mota da aka ɗora bisa duwatsu. Berliet ce, ta kashe gobara. Rana ta ci fentinta har ya koma launin jar ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, masu gadi suna shanya tufafi bisa tsaninta. Na tambayi abin da ya same ta, aka ce mini ta mutu, babu piyes. Da na matsa, wani tsohon direba ya ja ni gefe ya faɗa mini yadda aka yi. Ranar da aka ajiye ta injinta lafiya lau yake, famfonta ne ya daina jan ruwa. Aka rubuta takarda, takarda ta hau sama, ba ta sauko ba. Bayan wata biyu aka ari baturanta aka sa ma wata mota, daga nan aka ari tayoyi, daga nan fitilu da kujerar direba. Kowa ya san irin aron da ake yi ma kayan gwamnati.

Jama'a, wannan kalma ta "babu piyes" ta isa a tuhume ta. Ta rufe dosiye da yawa a ƙasar nan, ta kuma buɗe kwangila da yawa. Ni dai ra'ayina shi ne, galibin motocin da ake cewa sun mutu don rashin kayan gyara ba rashin kaya ne ya kashe su ba, rashin mai nema ne.

Masu kare wannan magana suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Za su ce kamfanin da ya ƙera motar ma ya ɓace. Gaskiya ne. Gidan Berliet na birnin Liyon ya shiga hannun Citroën a 1967, daga baya ya koma hannun Renault, aka gama shi da Saviem a 1978, sunan ya daina fitowa a goshin motoci wajen 1980, sannan a 2001 Volvo ta karɓi harkar baki ɗaya. Za su ƙara da cewa tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, duk abin da ake biya da farankan Faransa kuɗinsa ya ninka cikin dare ɗaya. Wannan ma gaskiya ne. To amma a tambaye su: me rundunar sojan Faransa ta yi da tsofaffin motocinta samfurin GBC 8 KT, waɗanda aka fara ƙerawa tun farkon shekarun 1960? Ba ta kai su bola ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 ta sa aka sake gina fiye da 5,000 daga cikinsu: aka bar musu ƙashin bayansu, aka sa sabon inji da sabon ɗakin direba, aka raɗa musu suna GBC 180. Ƙasar da ta ƙera motar, mai arziƙin sayen sabuwa, ba ta ji kunyar gyara ba. Mu da muke roƙo mu ne muka fi ƙarfin faci?

Kuma irin wannan mota ba baƙuwar ƙasarmu ba ce. Kakanninta ne, masu suna Gazelle, suka ratsa Tenere a 1959 zuwa 1960 daga Janet har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. A Aljeriya, masana'antar Ruwiba da Berliet ya kafa ta koma hannun gwamnatin ƙasar, ta ci gaba da ƙera manyan motoci bisa tushen nasa da sunan Sonacome, daga baya SNVI, kuma direbobin hanyar Agadas sun san su sarai. A Liyon akwai gidauniyar Marius Berliet, da aka kafa a 1982, wadda ke adana tsofaffin motocin da takardun ƙirarsu. Wane ofishi ne a nan ya taɓa aika musu wasiƙa da lambar shasi yana neman littafin mota?

Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba yana zaton duk abin da ke jikinta daga gida ɗaya ya fito. Ba haka ba ne. Motar kashe gobara haɗin gambiza ce. Mai babbar mota ya ba da shasi da inji, wani gida dabam, kamar Camiva ko Sides, ya ɗora tanki da famfo da akwatuna, sannan ɗaruruwan ƙananan abubuwa an saye su ne daga masu ƙera su domin duniya baki ɗaya. Ɗauki rulma. Idan ka goge ta ka ga an rubuta 6206, to raminta milimita 30 ne, faɗinta na waje 62, kaurinta 16, ko a Jamus aka yi ta ko a Japan ko a Sin. Wadda ke cikin famfon motar gobara ita ce ke cikin injin niƙa da injin ban ruwa. Haka robobin tare mai, haka bel, haka matatun mai da na iska: da awo ake sayensu, ba da sunan mota ba. Ma'ajin da ya rubuta "piyes ta Berliet" a takardar oda zai jira har tashin ƙiyama. Makaniken da ya ciro abin, ya auna shi, ya sa a aljihu ya shiga kasuwa, yana iya dawowa da shi kafin la'asar.

Famfon nan da ake yi ma kallon abin tsafi, farfela ce ke juyawa cikin tukunyar ƙarfe, tana karɓar ƙarfi daga giyar motar. Aibinsa guda ne: ba ya jan iska. Kafin ya ɗebo ruwa daga tabki ko kogi sai wata ƙaramar na'ura ta tsotse iskar da ke cikinsa da cikin tiyon zuƙa, kuma ko da komai lafiya yake ba ya ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Saboda haka kafa kamar ta allura, a bakin tiyo ko a wurin da sandar farfela ta shiga tukunya, ta isa ta hana shi aiki ƙaf. A tsofaffin famfuna abin da ke toshe wannan wuri igiya ce mai maiƙo da ake naɗawa a ɗaure da noti, kuma ana sayar da ita da mita. Sau nawa aka yanke ma mota hukuncin kisa saboda igiyar da kuɗinta bai kai na ragon suna ba? Gwajin ma ba wuya gare shi: a rufe duk bakuna, a tsotse iska, a tsaya a dubi allurar agogo. In ta koma da sauri, akwai kafa, sai a bi ta.

Ban ce komai sauƙi ne ba. Akwai abubuwan da suke da wuyar samu da gaske. Yashin tabkunanmu yana cin farfela kamar yadda gara ke cin azara, tukunyar famfo tana tsagewa, haƙoran giyar da ke juya famfo suna karyewa, kuma waɗannan ba a samunsu bisa tebur a kasuwa. Amma a nan ne ya kamata a tuna muna da masu hannu. Mai injin tur yana fiƙe sabuwar sanda daga tsohon ƙarfe, yana yin zoben tagulla daidai da awo. Masu zubin tukwanen alminiyom na Katako a Yamai, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, kullum aikinsu ke nan su danna samfur cikin yashi su zubo irinsa. Farfela dai tana son a daidaita nauyinta bayan zubi, in ba haka ba ta girgiza ta cinye rulma, kuma wannan aikin malaman fasaha ne: ga Lise Teknik Ɗan Kasawa a Maraɗi, ga makarantar EMIG a Yamai. In abin ya faskara, a cire famfon ɗungurungum a ɗora wani, ko a ɗaura injin famfo mai zaman kansa a bayan motar. Tankin da ke tafiya da ƙafarsa ya fi tankin da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa. Kuma mota uku matattu iri ɗaya suna iya tayar da biyu, muddin da rajista aka kwance ta ukun, ba da dare ba.

Inda zan rabu da wasu abokaina makanikai shi ne wajen birki, sitiyari da taya. A nan babu dabara, babu "a lallaɓa". Motar gobara tana iya shekara 30 ba ta yi tafiyar da motar Kano ke yi cikin shekara biyu ba, shi ya sa injinta ke daɗewa. Amma roba ba ta san kilomita ba, shekaru take ƙirgawa. Tayar da zanenta ke nan kamar sabuwa tana iya fashewa da tan 3 na ruwa a bayanta, alhali kuwa ranar haihuwarta tana rubuce a gefenta: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tiyon iskar birki da robobinsa sababbi ake sawa, ko ana so ko ba a so. Shasin da ya tsage, ko tankin da shingayen cikinsa suka ruɓe har ruwa na tunkuɗa mota a kwana, wannan kam a yi mata sallama. Ran sojan kashe gobara ba abin gwaji ba ne. Sai dai injiniya ne zai faɗi haka bayan ya duba, ba wanda ke da ɗan'uwa mai sayen tsohon ƙarfe ba.

Sai kuma maganar kyauta, wadda ba a son a taɓa. Wani gari na Turai ya ba mu tsohuwar motarsa, a yi kiɗa, a yi jawabi, a miƙa makulli gaban talabijin. Madalla, mun gode. Amma ina littafinta? Ina akwatin kayan gyaranta? Bakin tiyon Faransa dabam yake da na Jamus da ake kira Storz, na Jamus dabam da na Ingila, na Japan ma nasa dabam. Sai motoci biyu su iske juna gaban wuta, ɗaya da ruwa ɗaya da tiyo, su kasa haɗa baki. Maganin wannan ɗan guntun ƙarfe ne mai baki biyu, wanda ya kamata a nema tun kafin a sa hannu a takardar karɓa. Ba a nema, domin mai karɓar kyauta bai cika son tambaya ba.

Sabuwa fa? Wa ya ƙi sabuwa? Amma a san abin da ake saye. Manyan motocin Turai na yanzu, tun dokar hayaƙi ta Euro 6 da ta kama su a 2014, kwamfuta ke tuƙa injinsu, suna shan wani ruwa mai suna AdBlue baya ga gazuwal, kuma matatar hayaƙinsu ba ta jure kowane irin mai. Ranar da wata ƴar na'ura ta ji ƙura ta yi gardama, motar sai ta rage ƙarfinta da kanta, makaniken Tawa ko na Ƙonni kuwa ba shi da abin da zai tambaye ta da shi. Tsohuwar, da sufana da kunne ake jinyarta. Wanda ya kasa saya ma tsohuwa igiyar famfo, shi ne zai kira masani daga ƙetare domin sabuwa?

To me ya sa aka fi son saye da roƙo bisa gyara? Amsar ba a ɓoye take ba. Gyara ba shi da kintinkirin yankawa, ba shi da hoto, kuma kashi goma cikin ɗari na kuɗin rulma ba ya gina bene. Saye kuwa kwangila ce. Akwai kuma ɗaya ƙofar, wadda ma'aikata ke kira rafom: a rubuta cewa mota ta gama aiki, a yi gwanjonta da kuɗin ƙarfe. Wa bai taɓa ganin motar gwamnati da aka ce ta mutu ba, bayan wata uku ta tashi garau a hannun wani tana jigilar yashi ko tana sayar da ruwa? Piyes ɗin da ta gagari hukuma shekara biyar, ɗan kasuwa ya samo ta cikin mako biyu. Ga kuma masu garaji da suka daina karɓar aikin hukuma, don an sha cinye musu guminsu da sunan ana jiran baitulmali.

Ku ƴan kasuwa, maganar nan taku ce kafin ta kowa. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar Kasuwa ta bi ta a 2012. A 2021 wuta ta cinye yara ƴan makaranta cikin azuzuwan zana, a Yamai cikin Afrilu, a Maraɗi cikin Nuwamba. Ban ce lalacewar mota ce ta jawo waɗannan masifu ba. Abin da na ce, lissafi ne: tankin lita 3,000, in aka buɗe masa babban baki mai fitar da lita 500 a minti, cikin minti 6 ya ƙare. Daga nan sai ta koma ɗibar ruwa, wuta kuwa ba ta jira, balle da hunturu. Abin da ke tsare rumfarka a wannan tazara ita ce mota ta biyu, wato wadda ke bisa duwatsu. Kuna biyan fatanti, kuna biyan kuɗin rumfa, kuna da ikon tambaya mota nawa ke tashi in an kira lamba 18. Kuma ku ne masu hanya: ku ke zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da Suwame a Kumasi, har Dubai da Sin. Awon da aka rubuta a ƴar takarda bai fi ƙarfin aljihun alhaji ba.

Ku kuma ma'aikata, ba dukanku ne kuka ci ba, na sani. Amma takardar da ta hau ba ta sauko ba, bisa teburin wani ta kwana. A ba kowace mota littafinta, a rubuta abin da aka cire da wanda ya cire shi, a ware ma gyara kuɗinsa a kasafi a kuma hana a karkatar da shi zuwa man motar shugaba, a biya makanike cikin wata. Kada a yi gwanjon motar gobara sai an liƙa rahoton injiniya a ƙofar ofishi kowa ya karanta.

Makon jiya na sake bi ta bayan ofishin nan. Na leƙa wajen famfon, na goge ƙura da hannun riga: ɗan farantin da maƙera suka manna yana nan, sunan gidan da lambar famfon duk suna karantuwa. Mai gadi ya ce mini wani mai sayen ƙarfe ya riga ya zo sau biyu yana zagaya ta.