Makahon Ɗalibi Da Shafin Jami'a: Aikin Da Ya Rage A Yola

Tun daga shekarar 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman jarrabawar shiga jami'a, kuma Yola na cikin garuruwan da aka keɓe wa cibiya. A can ake karanta musu tambayoyi da baki, su kuma su amsa da rubutun makafi ko keken rubutu ko kwamfuta. Wannan na daga cikin 'yan ayyukan gwamnatin tarayya da aka tsara da makaho a zuciya tun daga tushe, kuma ya cancanci yabo. Sai dai ɗalibin da ya ci wannan jarrabawa bai shiga jami'a ba tukuna. Gabansa akwai wata ƙofa, wadda ba ta da maigadi balle a roƙe shi, ita ce shafin intanet na makarantar da ya zaɓa.

A yau kusan duk wata hulɗa tsakanin ɗalibi da jami'arsa ta koma kan wannan shafi. A nan zai cike fom ɗin tantancewa, ya ɗora sakamakon WAEC ko NECO, ya ciro lambar Remita ya biya kuɗin karɓar gurbi, ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya nemi ɗakin kwana, ya duba jadawalin jarrabawa, daga ƙarshe ya ga sakamakonsa. Tun watan Mayun 2024 ma neman bashin karatu na NELFUND ya bi ta wannan hanya. Layin da a da ake yi a gaban tagar ofishin magatakarda ya ragu, kuma ba wanda ke kewarsa. Amma a wancan layi, komai tsawonsa, makaho yana iya riƙe kafaɗar na gabansa har ya isa taga ya yi magana da mutum. Shafin da aka gina ba tare da tunaninsa ba shiru kawai zai yi masa.

Yola da Jimeta sun isa a yi wannan magana a kansu, domin a nan manyan makarantu suka taru. Akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka faɗaɗa ta a 2021 ta zama cikakkiyar jami'a mai koyar da kowane fanni. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya, mai zaman kanta, wadda tsohon mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar ya kafa. Jiha ce kuma da ta san naƙasa ta fuskar da wasu jihohi ba su sani ba. Bama-baman da suka tashi a Jimeta a 2015, na masallacin Jambutu a watan Oktoba da na watan Nuwamba, da mamayar Mubi a 2014, sun bar mutanen da suka rasa ido ko ji ko hannu. Yaran da abin ya shafa a wancan lokaci su ne yau suke shekarun neman jami'a.

Yana da kyau a fahimci yadda makaho ke amfani da kwamfuta, domin rashin sanin wannan ne ya sa manyan jami'ai da dama ke ɗaukar batun kamar almara. Akwai manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Ɗaya daga cikinsu, NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙiro ta, an fara ta a 2006. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, na iPhone da VoiceOver. Makaho ba ya amfani da linzamin kwamfuta, da madannai yake tafiya daga kanun magana zuwa kanun magana, daga akwatin fom zuwa na gaba, manhajar tana faɗa masa inda yake. Ita manhajar rubutu kawai take gani, da bayanin da mai gina shafin ya maƙala wa kowane abu. Idan an ɗauki hoton takardar sanarwa da waya aka liƙa a shafi, kamar yadda ofisoshi da yawa ke yi da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka ko jadawalin jarrabawa, abin da makaho zai ji shi ne kalma ɗaya: hoto. Idan akwatunan fom ba su da suna a cikin ginin shafin, zai ji akwati, akwati, akwati, bai san wanne ne na sunan mahaifi wanne ne na ranar haihuwa ba. Idan an yi masa kuskure aka nuna da jan launi kaɗai, zai ta danna maɓallin aikawa bai san me ya hana shi wucewa ba. Sannan ga karkatattun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar ba inji ba ne, waɗanda idan babu madadinsu na sauti sun rufe hanya ruf.

Kurma matsalarsa bidiyon da ba a rubuta abin da ake faɗa a ƙasansa ba, da lambar waya a matsayin hanya ɗaya tilo ta neman taimako. Zabiya da mai raunin gani suna fama da siririn rubutu mai launin toka a kan fari, da shafin da ke wargajewa idan an ƙara girman haruffa. Wanda shan-inna ya taɓa wa hannu yana buƙatar lokaci, shafin kuma ya kore shi bayan 'yan mintoci ya ce ya fara daga farko.

Abin da ke faruwa a aikace sananne ne. Ɗalibin ya nemi ɗan rakiya, su hau keke-napep zuwa shagon intanet a Jimeta ko Sangere, ya biya kuɗin mutum biyu, ya miƙa wa yaron shago lambar sirrinsa da lambar NIN da katin banki. Idan yaron ya zaɓa masa kwas ɗin da ba nasa ba, sai a tsakiyar zango zai gano. Idan sakamako ya fito, wani ne zai fara gani ya karanta masa a gaban jama'a, faɗuwa ce ko nasara. Ɗakunan kwana kuwa, da ake buɗe neman su a shafi su ƙare cikin ɗan lokaci, wanda ya fi kowa buƙatar zama kusa da aji shi ne na ƙarshen isa. Masu cewa ai 'yan'uwa za su taimaka sun manta cewa an tura yaron jami'a ne don ya daina dogaro da jagora a duk abin da zai iya yi da kansa.

Doka ba ta bar wannan ga tausayin kowa ba. A watan Janairun 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Hana Wariya Ga Masu Naƙasa ta 2018. Ta haramta nuna musu bambanci ta kowace hanya, ta sanya tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, da naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum. Ta wajabta wa makarantun gwamnati, har da manyan makarantu, su kasance masu karɓar kowa. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Gaskiya ne sassan dokar da suka yi bayanin samun shiga sun fi ƙarfi a kan gini da titi da abin hawa, kuma a wannan giɓi ne mai neman uzuri zai fake. Amma Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa tun 2010, sashe na 9 nata kuwa ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara. Makarantar da ta zuba gangara a ƙofar zauren taro alhali ɗalibi ba zai iya rajista ba, ta kashe maciji ba ta sare kansa ba.

Ba a kuma buƙatar kafa kwamitin da zai ƙirƙiro ma'auni. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta fitar da ƙa'idojin WCAG tun 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Suna nan kyauta, kuma kowane sharaɗi a cikinsu ana iya gwada shi a ce an cika ko ba a cika ba, har bambancin hasken rubutu da na bayansa an ƙayyade masa adadi. Birtaniya ta wajabta wa hukumomin gwamnatinta bin su tun 2018, tare da wallafa sanarwa a kowane shafi mai faɗin abin da ke aiki da abin da bai gyaru ba tukuna. Amurka ta fitar da irin wannan umarni a watan Afrilun 2024, wanda ya haɗa da jami'o'in jihohi.

Daga Amurkan akwai darasin da ya kamata shugabannin makarantun Yola su riƙe. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta tara dubban laccoci na bidiyo da sauti a intanet tsawon shekaru ba tare da rubutun kurame ba. Da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta same ta da saɓa doka, sai jami'ar ta ga kuɗin gyara ya yi mata yawa, ta janye sama da 20,000 daga idon jama'a a 2017. Kurame ba su samu ba, masu ji ma suka rasa. Harvard da MIT su ma sai da ƙungiyar kurame ta ƙasar ta maka su a kotu a 2015 kafin suka yarda su gyara. Tsadar ta zo ne daga jinkiri. Sanya wa akwatin fom suna a ranar da ake gina shi aikin daƙiƙoƙi ne, komawa a bi shafuka dubu bayan shekara goma kuwa sabuwar kwangila ce.

A nan ne maganar ta dawo Abuja. Yawancin shafukan rajista na manyan makarantu 'yan kwangila ne ke gina su, ɗan kwangila kuma abin da aka rubuta a takardar sharuɗɗa yake yi, ba ya ƙari. Jami'in da ke tsara wannan takarda, da wanda ke duba ta, da hadimin da ke shirya wa minista ko ɗan majalisa bayanin kare kasafi, su ne ke da alƙalamin da zai gyara lamarin ba tare da sabuwar doka ba. Layi guda ya isa: ba za a biya kason ƙarshe na kuɗin aikin ba sai shafin ya cika matakin AA na WCAG, kuma sai makafi da kurame sun gwada shi da hannunsu sun sa hannu. TETFund, da ke ba manyan makarantun gwamnati tallafin fasahar sadarwa, tana iya mayar da wannan sharaɗin karɓar kuɗi. Hukumar NUC, da ke ƙirga kujerun aji da littattafan laburare lokacin tantance kwasa-kwasai, tana iya ƙara shafin rajista a cikin abin da take dubawa. NITDA ce doka ta ba ikon tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa ga hukumomin gwamnati, Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 2020, ita ce ke da hurumin karɓar ƙorafi da bin kadinsa. Hukumomi huɗu ke nan, kowace na iya zaton aikin na ɗaya ne, kuma haka ayyuka ke mutuwa a tsakanin tebura.

Za a ce babu kuɗi, kuma ba ƙarya ba ne jami'o'in tarayya suna fama da kuɗin wuta ma. Za a kuma ce ɗalibai makafi ba su da yawa. Wannan hujja ta biyu tana cin kanta, domin ƙarancinsu a aji wani ɓangare ne na sakamakon shingayen da ake magana a kai. Dokar 2018 ta ce a keɓe wa masu naƙasa aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, kuma ma'aikatun da ke kukan ba su samun masu takardar digiri daga cikinsu ya kamata su waiwayi inda ake rasa su. Ban da haka, shafin da aka gina da tsari, mara nauyin hotuna, shi ne zai buɗe a wayar ɗalibin da ke Toungo ko Madagali inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ma'aikacin da ya kusa ritaya, wanda yanzu sai ya nisanta waya da fuskarsa kafin ya karanta saƙo, shi ma nan gaba kaɗan zai zauna gaban shafin tantance 'yan fansho.

Laburare ma ya shiga ciki. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da neman izinin mai shi ba. Hanya ta buɗe ga laburaren jami'a ya riƙa ajiye takardun lacca da kundayen bincike a matsayin rubutun da manhaja ke karantawa, maimakon hotunan shafuka da aka tattara aka kira su PDF.

Jami'ar Modibbo Adama ce ta fi dacewa ta fara. Ta tarayya ce, tushenta fasaha ne, tana koyar da ilimin kwamfuta, kuma cibiyar jarrabawar makafi tana garin da take. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa, sashen fasahar sadarwa na jami'ar ya gayyaci ɗalibanta masu naƙasa da wakilan ƙungiyoyin makafi da kurame na Adamawa, a cire linzami daga kwamfuta, a kashe allo, a kunna NVDA, a bi hanyar sabon ɗalibi daga fom ɗin tantancewa har zuwa buga takardar rajista. Duk inda aka tsaya a rubuta. A wallafa jerin a shafin jami'ar tare da ranar da za a gyara kowanne da sunan ofishin da za a tuntuɓa, a aika kwafi ga NUC da TETFund, a kuma sanar da sauran makarantun Yola da Jimeta abin da aka gano domin su gwada nasu.